Shuɗiyar Riga Mai Jiran Lamba

Kai mai jar hula, ajiye min rezar nan kafin ka yanke yatsa a ce Baba Habu ne. Tun shigowarku nake jin ƙus-ƙus ɗinku, wai meye abin wahala a buga lamba a bayan riga, ai ɗora takarda ne a danna soso. To madalla. Rigunan ƙungiyarku ta jami'a ga su can a igiya, ba za su bushe ba sai bayan la'asar, kuma ba zan ba ku su da ɗanyen fenti ba ko wa ya aiko ku. Ku samu benci ku zauna. Wancan gefen na jikin bango dai ku bar shi, yana da mai shi, yau Juma'a yana tafe.

Sunana Habu, amma a Wudil in ba ka ce Habu Lamba ba, ba mai nuna maka shagon nan. A hannun Malam Ɗanjuma na koyi sana'ar, Allah ya jiƙansa, mai rubutu a jikin manyan motoci a bakin tasha. Mahaifina ne ya kai ni ina ɗan saurayi, ya ce masa, "Ga shi nan, noma ya gagare shi, ko Allah zai sa hannunsa ya yi wani abin." Na ɗauka washegari za a miƙo min burushi in hau zanen zaki a bayan mota. Ina! Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, ni dai aikina wanke soso da burushi, har tuwo in na ci sai in ji ɗanɗanon kananzir.

Ranar da ya fara ba ni lamba takwas in yanka ba zan manta da ita ba. Da ma a kan tsohon hoton ƙashi na asibiti muke yanka lamba, irin baƙaƙen nan da kuke gani a rataye, domin shi ba ya jiƙa, ba ya yagewa, kuma reza tana bin sa lafiya. Ɗaga wancan ka duba a haske, za ka ga haƙarƙarin wani bawan Allah a jikin bakwai. To na zauna na zana takwas ɗina, na bi ta da reza a hankali har da fito da harshe. Ina gamawa, ƙwayoyin nan biyu na tsakiya suka faɗo ƙasa. Na ɗora a tsumma na danna soso, abin da ya fito ba takwas ba ce, gyaɗa ce ba a ɓare ba. Maigida ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ya ce, "Ina gadarka?"

Na ce, "Wace gada, Maigida?"

"Kai, ɗan Wudil guda, kullum kana tsallaka gada, a ce ba ka san gada ba?"

Ya karɓi rezar ya nuna min. In za ka yanka lamba mai rami a ciki, irin su huɗu da shida da takwas da tara da sifiri, dole ka bar ɗan siririn wuri ba ka yanke ba, wanda zai riƙe tsakiyar kada ta faɗi. Shi muke kira gada. In ka buga, wurin gadar zai fito ba fenti, kamar an tsaga lambar. Sai ka ɗauki siririn burushi ka cike, yadda mai riga ba zai taɓa sanin an yi gada a wurin ba. Dokoki biyu Maigida ya kafa min, kuma da ranƙwashi ya kafa su: kada fenti ya yi kauri, kada a bar gada a buɗe.

Sauran kuwa hannu ne ke koya. Sai ka zura katako a cikin rigar, in ba haka ba fentin ya ratsa ya fito a ƙirji. Kada ka ja yadin da yawa, don in ka sake shi lambar za ta tsuke. Soso kuma ba shafa shi ake yi ba, dannawa ake yi ana ɗagawa, bayan ka rage masa fenti a murfin gwangwani. In ya bushe ka ɗora takarda ka bi da dutsen guga, kuma kowane yadi da irin wutar da yake ɗauka. Duk wannan a baki minti biyu ne. Ku gwada ku gani.

Masu kawo aiki kuwa, Allah dai ya ba mu haƙuri da su. Kowa goma yake so, in bai samu ba bakwai ko tara. Wata ƙungiya ta taɓa zuwa min daga Achika, samari uku suka kusa dambe a nan inda kuke zaune saboda lamba goma. Kocinsu ya yi lallashi ya gaji, ya jefar da hula ya ce, "Malam Habu, buga musu goma su duka ukun, alƙalin wasa ya san yadda zai yi da su." Shi ya sa takardar hoton da na yanka goma a kai take saurin lalacewa a hannuna, ta biyu da ta biyar kuwa sai su shekara suna nan garau. Ba mai rububin lambar masu tsaron baya.

Wata Juma'a kasuwa ta cika, ana ta kora shanu ta gaban shago, sai ga wani dogon saurayi ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafarsa duk taɓo, yana riƙe da baƙar leda. Ya yi sallama, ya tambayi gida da aiki da gajiya, ya sake tambayar gida, har na ce masa ya shigo haka nan. Ya ce sunansa Sa'idu, daga Kausani, manomi ne, kuma shi ke tsaron baya a ƙungiyar garinsu. Ya ciro wata riga ruwan ƙwai ta gwanjo ya ce in buga masa ashirin da biyar.

Na ce, "Ashirin da biyar? Ku nawa ne a ƙungiyar taku?"

"Mu goma sha huɗu ne, Yaya Habu."

"To sauran goma sha ɗayan aljanu ne?"

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, sannan ya ba ni labari. A lokacin ana nuna wasannin Italiya a gidan kallo ranar Lahadi da yamma. Ya je kallon manyan 'yan wasa kamar kowa. Wata babbar ƙungiya tana wasa da wata 'yar ƙarama ta kudancin ƙasar. Aka buga ƙwallo ta wuce gola tana gangarawa raga, sai ga wani ya zamo ta ƙasa ya fitar da ita daga kan layi, kafaɗarsa ta daki ƙarfen raga. Talabijin ta nuna wanda ya buga yana riƙe kai, ta sake nuna shi, ta nuna gola, ta nuna kocinsu yana tauna cingam. Shi kuwa wanda ya yi aikin, bayansa kawai aka gani, yana komawa wurinsa yana nuna wa 'yan uwansa inda za su tsaya. A bayan nan aka rubuta ashirin da biyar.

Sa'idu ya ce, "Yaya Habu, wallahi na san aikin nan. Kullum shi nake yi a Kausani, ba wanda ya taɓa ce min sannu."

Na ce to ya faɗi sunan Baturen in buga a sama. Ya gwada, harshensa ya harɗe, ya sake gwadawa ya fito da wani abu daban. Ya ce, "Bar sunan. Ni Ƙyaure nake ce masa." Haka aka yi. Har yau ni ban riƙe sunan mutumin nan ba, kuma duk Wudil da Ƙyaure aka san shi, waɗanda suka san shi ɗin.

To ni ban cika zuwa gidan kallo ba, amma zan iya ba ku tarihin Ƙyaure tsaf, domin ta bayan rigunan Sa'idu na karanta shi. Shekarar da ƙungiyarsa ta faɗa rukuni na ƙasa aka daina nuna ta, Sa'idu ya koma bin rediyo da wani malamin makaranta mai karanta jaridu, yana tambaya ko an ambaci mutuminsa. Bayan shekara biyu ya zo da riga ruwan goro, ya ce an sayi Ƙyaure, yanzu shida yake sawa. Daga nan sai farar riga, wata babbar ƙungiya ta arewacin ƙasar ta ɗauke shi. Can ɗin manya sun yi yawa, ya sha zaman benci, aka ba da shi aro, Sa'idu ya zo da koriya. Aka dawo da shi, aka sake ba da shi. Kowane canji sai Sa'idu ya bi 'yan gwanjo layi-layi har ya samu launin, ya kawo min ranar kasuwa. Na taɓa ce masa, "Mutumin naka ba ya zama wuri ɗaya ne, ko bashi yake ci?" Ya ce, "Duk wanda gidansa ke yoyo shi yake nema."

Ranar da ya kawo farar nan, riga biyu ce a ledarsa. Ta biyun shuɗiya ce, irin launin da ƙasar Italiya ke sawa, kuma ba gwanjo ba ce, sabuwa ce fil, har Kano ya je ya sayo bayan ya sayar da wake. Na shimfiɗa ta na ce wace lamba. Ya dafe hannuna.

Ya ce, "Wannan ajiya ce. Ranar da ƙasarsa ta kira shi ya taka fili, aka ga lambar a bayansa da ido, ranar za mu buga. Ba ji a rediyo ba, ba karantawa a jarida ba. Gani da ido."

Na ce, "In ba su kira shi ba fa?"

"Za su kira shi. Ai suna da ido."

Na naɗe ta na saka a ƙasan akwatin ƙarfen nan da kake jingine da shi. A raina na ce wata shida, ko shekara.

Sau ɗaya na taɓa zuwa Kausani ganin wasan Sa'idu, suna karawa da Utai. Ni idona a bayan riguna yake, ina duba ko aikina ya yi kyau daga nesa, to dole na lura da shi. Ba ya gudu da yawa, ba ya ihu. Sai ka ga ɗan gaban Utai ya taho a guje, kafin ya iso Sa'idu ya riga ya tsaya a inda zai bi, ya karɓe ƙwallon kamar aro ya ba shi. Aka tashi Kausani ta ci ɗaya, aka ɗauki yaron da ya ci a kafaɗa ana zagaya fili da shi. Sa'idu yana can yana kwance ragar gola yana naɗewa. Duk shekara in za a zaɓi 'yan wasan da za su wakilci ƙaramar hukuma, sai a zo a kwashi masu cin ƙwallo a bar shi. Bai taɓa yi min ƙorafi ba. In na tayar da maganar sai ya ce, "Yaya Habu, ina labarin shuɗiya, asu bai taɓa ta ba ko?"

A wani wasa aka karya masa ƙafa, wani ya shigo masa ta baya. Da ya fara takawa da sanda, nan ya fara zuwa, ya miƙo min babbar ambulan yana dariya, ya ce, "Ga kayan aiki na kawo maka." Hoton ƙafarsa ne na asibiti, ga karayar nan ɓaro-ɓaro a ƙasan gwiwa. Na karɓa na yi godiya, amma hannuna ya ƙi yanka shi. Na saka shi a akwati tare da rigar.

An kira Ƙyaure kuwa. Wata safiya Sa'idu ya faɗo shagon nan a kan keke ko sallama bai gama ba, ya ce sunan mutuminsa ya fito cikin waɗanda ƙasa ta gayyata. Na buɗe akwati na fito da riga, na dama fenti. Aka yi wasan, Ƙyaure yana benci ya rufa da babbar rigar sanyi tun farko har ƙarshe. Na ce masa ai an kira shi, mu tambayi lambar mu buga. Ya girgiza kai, ya ce, "Zaman benci ba wasa ba ne, ni ma na iya zama." Na mayar da riga. Kafin a sake kira, gwiwar Ƙyaure ta samu matsala, ya shekara ba ya wasa, babbar ƙungiyar ta sayar da shi ga wata ƙarama. Samari a gidan kallo suka samu abin tsokana, in Sa'idu ya shigo sai su ce, "Na Kausani, an ce ƙyauren naka ya ɓalle, a nemo kafinta?" Sai ya yi murmushi ya nemi wuri. Ni kuwa abin yana min ciwo, don na san ba Bature kaɗai ake tsokana ba.

Mummunar shekarata ita ce shekarar da injin manna lamba ya shigo gari. Wani yaro ya buɗe shago can gaba da kwamfuta da inji, ka faɗi lamba da suna, kafin ka gama shan ruwan leda an manna maka, sumul, ba warin fenti, ba jiran rana. Ga kuma rigunan waje da suke zuwa da lambarsu da sunan ɗan wasa tun daga kamfani. Ƙungiyoyin da na yi wa aiki tun iyayensu suna wasa suka riƙa wucewa ta gaban shagon nan suna kau da kai. Fenti ya daskare a gwangwani. Na koma rubuta "Ba a fitsari a nan" a bangon mutane, da lambar gida, da sunan makaranta a jikin kujeru. Ban ga laifin kowa ba, aikin injin yana da kyau, ni ma daga baya na saya, ga shi can a lulluɓe, da shi nake yi wa masu gaggawa. Amma a shekarar nan, in ka cire Sa'idu, sai in yi wata ban buga wa ɗan ƙwallo lamba ba.

A shekarar ne kuma na lura da idonsa. Ya kawo riga ya ce ja ce, na duba na ga ruwan ƙasa ce. Na ce 'yan gwanjo sun cuce shi. Wata Juma'ar ya zo zai zauna ya kuskure bencin. Sannan ya faɗa min cewa tun bara gefen ganinsa yake rufewa, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake. An kai shi asibitin ido a Kano, aka ce an makara, sai dai magani ya rage saurin abin. Ya bar ƙwallo, ya bar keke, gona ma ƙannensa suka karɓa. Ranar kasuwa sai ya biyo masu kawo hatsi, su sauke shi a nan, ya zauna a gefen can har yamma. Kafin shekara uku ko fitilar mota ba ya gani.

Rannan na ce masa, "Sa'idu, mutumin nan ya tsufa a ƙwallo, sa'anninsa duk sun yi ritaya. Bari in buga maka shidan da ya fi daɗewa da ita, ka sa rigarka ka ji daɗi."

Ya ce, "Ka gaji da ajiyar ne, Yaya Habu?"

"Ban gaji ba. Amma ka ce sai an gani da ido."

"Na ce an gani. Ban ce ni zan gani ba. Idonka ba nawa ba ne?"

Sai na tashi na hau wanke soson da yake a wanke.

To ashe Ƙyaure a 'yar ƙaramar ƙungiyar nan ya murmure, har suka ba shi kyaftin. Kwatsam aka ce 'yan bayan ƙasar da yawa sun ji rauni, an sake kiran tsoho don wani wasan sada zumunci. Ranar na rufe shago, na kama hannun Sa'idu muka tafi gidan kallo, muka zauna a bencin gaba. Mutane kaɗan ne, wa zai biya kuɗi don wasan da ba kofi? Aka fara, Ƙyaure yana benci da rigar sanyinsa. Aka tafi hutu aka dawo, yana benci. Sa'idu kuwa duk lokacin da ya ji an busa usur sai ya ce, "Canji ne?" In ce a'a.

Saura kaɗan a tashi aka ɗauke wuta. Ɗakin ya kaure da tsaki, mai gidan kallo ya fita da gudu yana jan igiyar janareta, ta yi tari ta mutu, ya sake ja ta sake mutuwa. Da ƙyar ta kama. Hoto yana dawowa na duba benci, wurin da Ƙyaure yake zaune babu kowa, sai rigar sanyi a yashe.

Na ce, "Sa'idu, ya shiga!"

Ya damƙi wuyan hannuna, wallahi har washegari da shatin yatsunsa. "Ka ga lambar?"

"An yi canjin muna cikin duhu."

"To duba, Yaya Habu. Don Allah duba."

Ku da kuke kallon ƙwallo kullum, kun taɓa lura cewa talabijin ƙwallo take bi ba mutum ba? Italiya ce ke kai hari, duk hoton yana can gaba. Na hango shi sau ɗaya can ƙarshen allo, ɗan mitsitsi, yana nuni da hannu. Sau ɗaya kuma aka nuna fuskarsa, ga furfura a gefen kai, amma ta gaba ne, kuma kafin idona ya sauka kan 'yar lambar ƙirji an ɗauke. Sa'idu yana ta faɗin, "Ya juya? Ya juya?" Ni kuwa gumi har cikin idona. Aka ɗaga allon ƙarin lokaci. Na ce a raina, ya Allah, shekara da shekaru bawan nan naka yana jira, kada ka sa in ce masa ban gani ba.

Sai abokan karawar suka samu bugun kwana. Aka bugo, aka yi cincirindo, ƙwallo ta faɗo gaban wani ya narka ta da ƙarfi. Wani mai shuɗiyar riga ya jefa jikinsa gaba ɗaya, ta dake shi ta fita waje, ya faɗi rub da ciki. Yana kwance, bayansa yana kallon sama, kuma a karon nan talabijin ta tsaya a kansa.

Na miƙe tsaye na ƙwala ihu, "Ashirin da shida! Sa'idu, ashirin da shida!"

Yaran da ke baya suka ce Baba lafiya, ai ba a ci ba. Sa'idu bai yi ihu ba. Ya saki hannuna, ya ce, "Shi ya tare?" Na ce shi ne. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sa gefen rigarsa yana goge fuska. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Wannan shi ne shigar Ƙyaure ta farko a rigar ƙasarsa, kuma ban ƙara jin an kira shi ba har ya bar wasa.

Washegari da safe na buɗe akwati. Na shimfiɗa rigar, na zura katako, sai na tsaya. In na buga yadda Maigida ya koya min, fenti siriri ya shige cikin yadi, to wa zai gani? Ni da mutanen kasuwa. Mai rigar kuwa in ya shafa ba abin da zai ji. Injin ma haka, sumul yake fitarwa. Na ciro hoton ƙafarsa na zana biyu da shida a kai, karayar ta faɗo daidai cikin shidan, na yanka. Na dama farin fenti da kauri kamar kunun kanwa, na buga na kai rana. Ya bushe na mayar da takardar daidai inda take na sake bugawa. Haka na yi ta yi har Juma'a ta zagayo, sai da lambar ta taso ta yi tudu. Da Malam Ɗanjuma yana raye da ya fasa min kai.

Saura cike gada Sa'idu ya iso. Na ce ya ɗan jira, ya ce a'a, in ba shi haka. Na ɗora masa a cinya. Ya lalubo wuyan rigar, ya gangaro, yatsansa ya ci karo da tudun. Ya bi biyun tun daga kanta har ƙasa, a hankali, leɓensa yana motsi. Ya tsallaka kan shidan, ya zagayo cikinta, sai yatsan ya faɗa wani ɗan gibi ya tsaya.

Ya ce, "Nan fa? Fentin ya ƙare ne?"

Na ce, "Gada ce." Na yi masa bayani kamar yadda na yi muku, cewa ita ke riƙe tsakiyar lamba kada ta faɗi, kuma in an gama sai a cike ta don kada kowa ya san tana nan. Na ce ya kawo, yanzu zan rufe ta.

Ya riƙe rigar gam. Ya sake mayar da yatsa cikin gibin.

"Ita ta riƙe, sannan a rufe ta?"

"Haka dokar take."

"A'a, Yaya Habu. Wannan dai a bar ta a gan ta."

Na ajiye burushin. A duk rigunan da suka fita daga shagon nan, ita kaɗai ce ta fita da gada a buɗe.

Ga takardar hoton ƙafar tasa can a sama ita kaɗai, ba na buga wa kowa da ita. Rigar kuwa duk shekara sai ta dawo hannuna, ba don wanki ya cinye fentin ba, yatsansa ne ke cinye shi, domin in yana zaune shi kaɗai hannunsa yana kan lambar nan. In ya ji tudun ya kwanta sai ya kawo in ƙara. Makon jiya ya ce min shidan ta fara lafewa.

Yauwa, kun ji ƙarar sanda a jikin kwata? Shi ne. Kai mai jar hula, janye ƙafarka daga hanya, kuma in ya zauna ku gaishe shi da kyau, ku ce sannu da aiki, na Kausani. Miƙo min farin fentin can da katako. Siririn burushin kuwa bar shi inda yake, yau ba a bukatarsa.